Ba Nauyin Feda Ne Gudu Ba

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, keke ya dawo hannun mutanen da suka daɗe da jingine shi. Malaman makaranta, ma'aikatan ofis, 'yan kasuwar da a da babur ke kai su rumfa, da yawa sun je sun zaɓo keken gwanjo, kuma galibin waɗannan kekuna masu giya ne, faranti uku a gaba, ƙananan farantai shida ko bakwai a jikin tayar baya. Wanda ya tashi da Raleigh ko Phoenix mai giya ɗaya tal sai ya hau sabon keken da tsohon saninsa. Ya yi ta lalube har ya samu giyar da ta fi kowacce nauyi, ya bar kaca a nan, ya riƙa danna feda iya ƙarfinsa, kafaɗu na karkata dama da hagu. In ka tambaye shi sai ya ce ai a nan keken ya fi gudu, sauran giyoyin feda ce kawai ke juyawa a banza.

Wannan fahimtar ce ta fi cancanta a fara warwarewa, domin ita ke gajiyar da mutum tun bai ci rabin hanya ba, ita ke kawo ciwon gwiwa bayan 'yan makonni, ita kuma ke sa a mayar da keken zaure a ce ba aikin manya ba ne. An ƙirƙiri giya ne don ƙafa ta ci gaba da juyawa a kan taku ɗaya da nauyi ɗaya, ko hanya ta miƙe, ko ta hau tudu, ko iska ta taso ta gaba, ko an ɗora buhu a kariya. Duk abin da ya canza a hanya, giya ake so ta ɗauke shi, ƙafa ta zauna a takunta.

Lissafin ba shi da wuya. A ɗauki keke mai taya inci 26, wadda juyinta ɗaya ke cin ƙasa mita 2 da ɗan ɗoriya. Sau da yawa haƙoran farantansa na gaba 48 ne da 38 da 28, na baya kuma suna tashi daga 14 zuwa 28. Idan kaca na kan 48 a gaba da 14 a baya, duk juyin feda ɗaya taya za ta juya kusan sau uku da rabi, keke ya ci mita 7. Idan aka mayar da ita kan 28 da 28, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya ne, mita 2 kacal. A nan mai son giya mai nauyi yake tsayawa, ya ce bakwai ta fi biyu. Abin da ya bari a baya shi ne sai an ninka tsawon juyi da yawan juyin da ƙafa ta yi a minti kafin a san gudu. A giyar mita 7, sabon mahayi da ƙyar yake kai juyi 50 a minti, wato mita 350, kimanin kilomita 21 a awa. Abokinsa da ya sa kaca a kan 38 da 18 yana cin mita 4.3 ne kawai a juyi, amma ƙafarsa na yin juyi 80, shi ma kusan kilomita 21 ɗin yake yi. Tare za su isa. Bambancin yana cikin gwiwa da cinya, domin na farkon a kowace dannawa yana zuba ƙarfin da ya ninka na abokinsa fiye da sau ɗaya da rabi, kuma haka zai yi ta yi sau dubbai kafin ya kai gida.

Jikin ɗan Adam bai ɗauki waɗannan hanyoyi biyu daidai ba. Danna mai nauyi yana kiran jijiyoyin naman cinya masu ƙarfi amma masu saurin gajiya, waɗanda in sun ƙare sai an kwana kafin su dawo. Juyi mai sauƙi da sauri yana mayar da kaso mai yawa na aikin kan zuciya da huhu, su kuwa da an ɗan sassauta na minti biyu sun farfaɗo. Shi ya sa mai danna nauyi yake sauka daga keke ƙafafunsa na rawa alhali bai yi haki sosai ba, mai juyi da sauri kuma numfashinsa ya ɗan tashi amma gobe da safe ya sake hawa lafiya lau. Ga kuma ƙoƙon gwiwa, wanda ke shan matsi gwargwadon ƙarfin da aka danna da shi, musamman idan gwiwar na lanƙwashe sosai a lokacin.

Gwanayen tsere sun daɗe da sanin wannan. Lokacin da Eddy Merckx ɗan Beljiyam ya kafa tarihin tafiyar awa ɗaya a birnin Meziko a watan Oktoban 1972, ya ci kilomita 49.431 da faranti mai haƙora 52 a gaba da 14 a baya. Giyar tasa ba ta zarce babbar giyar keken gwanjon da aka kwatanta a sama da wani abin a-zo-a-gani ba. Abin da ya raba su shi ne Merckx ya juya ta fiye da sau 100 a kowane minti har awar ta cika. Giyar da zakaran duniya ya kafa tarihi da irinta ita ce magidanci yake son ya tashi da ita daga ƙofar gidansa.

Sai dai a yi hattara, kada a tsallaka daga wannan kuskure a faɗa wani. Ba a neman sabon mahayi ya yi juyi 100. Mai tafiya a hankali zuwa masallaci ko kasuwa, wanda ba ya zuba wani ƙarfi, jikinsa ya fi samun sauƙi a wajen juyi 60 zuwa 70, kuma babu laifi a hakan. Ana buƙatar ƙarin juyi ne gwargwadon ƙarin aiki. Ga mai tafiya mai ɗan nisa da ɗan sauri, tsakanin 70 da 90 shi ne wurin zama. Ba sai an sayi na'ura ba kafin a auna: a samu hanya miƙaƙƙiya mara cunkoso, a ƙirga sau nawa gwiwar dama ta ɗago cikin daƙiƙa 15, a ninka sau huɗu. Wanda ya samu 12 ko 13 giyarsa ta yi nauyi. Wanda ya samu 18 zuwa 22 yana kan hanya. Idan kuwa mazauni ya fara tsalle a kan sirdi, ƙafa na bin feda ba ta jin komai a ƙarƙashinta, to giyar ta yi sauƙi fiye da kima, a ƙara ɗaya. Makonnin farko mutum zai ji kamar wasa yake yi, numfashinsa kuma zai fi tashi fiye da yadda ya saba. Wannan na wucewa, ƙafa tana koyon sauri kamar yadda take koyon ƙarfi.

Ganin giya mai sauƙi a matsayin ragwanci ba a nan ya fara ba. Henri Desgrange, wanda ya jagoranci gasar Tour de France tun kafuwarta a 1903, kuma shi kansa ya taɓa kafa tarihin awa ɗaya a 1893, ya shafe shekaru yana hana manyan 'yan tsere amfani da na'urar canjin giya, yana ganin nasara ta ƙarfin cinya ce kaɗai. A wancan zamani ɗan tsere yana da faranti a kowane gefe na tayar baya. In ya iso gindin dutse sai ya sauka, ya kwance tayar, ya juya ta, ya ɗaure, sannan ya ci gaba. Sai a 1937, bayan ragamar gasar ta koma hannun Jacques Goddet, aka halatta na'urar ga kowa, Roger Lapébie ya lashe gasar shekarar. Masu yawon buɗe ido a kan keke sun riga 'yan tsere amfani da ita da shekaru masu yawa, ƙarƙashin jagorancin irin su Paul de Vivie na yankin Saint-Étienne. Yau ba ka samun ɗan tsere ko ɗaya da ke jin kunyar neman giya mafi sauƙi a kan tsaunukan Alps.

Duk wannan ba zai yi amfani ba idan sirdi bai zauna daidai ba, kuma a nan ne na fi ganin ana cutar da kai. Sabon mahayi yana son ya zauna a sirdi tafukan ƙafarsa biyu a shimfiɗe a ƙasa, don tsoron faɗuwa. Ranar farko da ta biyu wannan daidai ne, har ma ya fi kyau. Amma sirdin da ya sauka haka yana sa gwiwa ta lanƙwashe fiye da kima a daidai lokacin da ake danna feda, cinya ba ta miƙewa ta ba da ƙarfinta, juyi da sauri kuma ba ya yiwuwa. Ga yadda ake gwadawa: a jingina da bango, a zauna a sirdi, a sauke feda ɗaya can ƙasa, a ɗora dunduniya a kanta. Ƙafar ta miƙe sarai ba tare da ƙugu ya karkata ba. Idan aka mayar da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, wannan shi ne ake nema. Mai son awo yana iya bin lissafin da ya shahara da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci Tour de France sau uku: a auna tsawon ƙafa daga ƙasa zuwa matse-matsi a tsaye ba takalmi, a ninka da 0.883, abin da ya fito shi ne tazara daga tsakiyar ƙarfen da fedoji ke juyawa a kai zuwa saman sirdi. A riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan, rabin santimita ko ɗaya, ana gwadawa kwana biyu. Ciwo a gaban gwiwa yawanci alama ce ta sirdi ya yi ƙasa. Ciwo a bayanta, ko ƙugu na rangaji, ya yi sama. A jikin sandar sirdin akwai layin da ba a ɗaga ta fiye da shi. In an kai layin amma ƙafa ba ta miƙe ba, keken ya yi wa mutum kaɗan ko kuma sai an nemi doguwar sanda.

Wurin da ƙafa ke taka feda shi ne kaurin tafin ƙafa da ke gindin babban yatsa, ko ɗan bayansa kaɗan. Masu takawa da dunduniya ko tsakiyar ƙafa suna kashe aikin idon sawu, masu takawa da kan yatsu kuma sharaɓa ce ke saurin ɗaure musu. Gwiwoyi su riƙa hawa da sauka a miƙe, kada su buɗe waje. Takalmi mai ɗan tauri ya fi silifas nesa ba kusa ba, domin silifas na zamewa, yana kuma lanƙwashewa ya bar tafin ƙafa da aikin.

Game da juyin kansa akwai maganar da ake yawan yi wadda ke rikita masu koyo, wai a riƙa jan feda sama da ƙafar baya. A fedar da ba a ɗaure takalmi a jikinta ba wannan ba ya ma yiwuwa, kuma awon da ake yi wa gwanaye ya nuna su ma kusan dukan ƙarfinsu a wajen dannawa ƙasa yake fitowa. In aka ɗauki zagayen feda a matsayin fuskar agogo, ƙarfi na tsakanin ƙarfe ɗaya da ƙarfe biyar, ya fi yawa a ƙarfe uku. Abin da mai koyo zai iya gyarawa abu biyu ne. Ya fara tura fedar tun tana sama, maimakon ya jira ta sauko sannan ya doka mata ƙafa. Sannan ya sauƙaƙa nauyin ƙafar da ke dawowa sama, kada ta kwanta a kan feda har ɗaya ƙafar ta riƙa ɗaga ta. Daga ƙugu zuwa sama jiki ya natsu, hannuwa su riƙe kan keke sako-sako, gwiwar hannu a ɗan lanƙwashe.

Sai canjin giyar. Liba ko abin murɗawa na hannun dama shi ke kula da baya, na hagu da gaba, kuma lamba 1 ita ce mafi sauƙi a kowane ɓangare. Wanda farantai ke rikita shi, ganin babba a gaba nauyi ne amma babba a baya sauƙi ne, ya riƙe abu ɗaya: duk lokacin da kaca ta matso jikin keke, gaba ko baya, feda ta yi sauƙi; in ta yi waje, ta yi nauyi. Shawarata ga mai farawa ita ce ya bar kaca a farantin tsakiya na gaba, ya yi ta wasa da hannun dama kaɗai har ya saba. A gari shimfiɗaɗɗe irin Kano ko Maraɗi wannan ya ishe shi kusan ko'ina. Ƙaramin faranti na hawan tudu ne, irin na Jos, ko rairayi, ko kaya mai nauyi. Babban kuma na gangara ne da ranar da iska ke bayanka.

Kaca ba ta tsallaka daga faranti zuwa faranti sai tana tafiya, don haka ba a canja giya a tsaye, ba a kuma canjawa ana juya feda baya. Amma kuma ba ta son a canja ana danna ta da ƙarfi. Dabarar ita ce ƙafa ta ci gaba da juyawa amma a ɗauke mata nauyi na rabin juyi ko juyi ɗaya, a taɓa liba, a ji kacar ta zauna, sannan a ci gaba. Ƙarar ƙaras-ƙaras da ake ji a tsakiyar tudu ta mutumin da ya makara ce, ya bari sai da feda ta ƙi juyawa sannan ya tuna da giya. A haka ake lanƙwasa haƙora, a haka kaca ke tsinkewa. Ido ne ke fara canja giya kafin hannu: da ka hango tudu ka rage ɗaya tun kana da gudu, ka ci gaba da ragewa ɗaya bayan ɗaya yayin da nauyi ke ƙaruwa. Haka in ka hango danja ko shingen hanya ko cunkoso, ka sauko giya biyu ko uku kafin ka taka birki ka tsaya. Babu direban da ke tayar da mota a giya ta huɗu. Wajen tashi kuma a ɗago feda ɗaya ta tsaya wajen ƙarfe biyu, a taka ta da nauyin jiki, keke zai miƙe ba tangaɗi. Wannan ya shafi tsira da rai, domin mai kokawa da giya mai nauyi a mararraba yana daɗewa a tsakiyar titi yana layi a gaban motoci.

Lambar da ake rubutawa a jikin keke, giya 18 ko 21, tana da ɗan ƙari a ciki. Kaca a kan 48 da 24 daidai take da kaca a kan 28 da 14, duka juyin taya biyu ne, wasu haɗe-haɗen kuma sun yi kusa da juna ƙwarai. Akwai kuma guda biyu da ake gujewa: babban faranti na gaba da babba na baya, ko ƙarami da ƙarami. A nan kaca na tafiya a karkace, tana goga, tana cin kanta da haƙora, kuma duk nauyin da ake nema a wurin akwai irinsa a farantin tsakiya.

Tashi tsaye a kan feda yana da wurinsa, gajeren tudu ko neman hutar da mazauni. Kafin a miƙe a ƙara giya ɗaya ko biyu, tunda nauyin jiki zai shiga aikin, in an zauna a mayar. Ba a daɗe a haka, yana cin numfashi. A kwana mai kaifi kuma a daina juyi, fedar da ke ɓangaren da aka karkata ta kasance a sama don kada ta daki ƙasa.

Kekuna masu giya uku a cikin cibiyar tayar baya dokarsu dabam ce. Irin wannan giya ta daɗe, kamfanin Sturmey-Archer na Nottingham a Ingila ya fara ta tun 1902, ana kuma samun ta Shimano a kekunan gwanjo na Japan. Ita ana canja ta ko a tsaye, in kuma ana tafiya sai a dakatar da feda na ɗan lokaci. Ga mai zirga-zirga a cikin gari, ga ƙura, ina ganin ta fi dacewa da mutane da yawa fiye da mai farantai a waje.

Mai keke mara giya shi ma yana da abin yi. Irin su Phoenix masu taya inci 28 sukan zo da haƙora 44 ko 46 a gaba, 18 ko 20 a baya. Da 44 da 18 keke na cin kusan mita 5 da rabi a juyi, nauyin da ya yi yawa ga mai dakon jarkokin ruwa ko itace. Mai gyaran keke zai iya sauya firiwil, wato farantin baya, da mai haƙora 20 ko 22, ya ƙara wa kaca gaɓa ɗaya ko biyu in ta buƙata. Da 22 juyi ya sauko kusan mita 4 da rabi, tashi da kaya ya zo da sauƙi, abin da aka rasa kawai ɗan gudun da ba a cika kaiwa gare shi ba.

Kafin a hau keke kuma, ƙafar wando ta dama a naɗe ta ko a ɗaure, bakin doguwar riga ko hijabi a tattare shi, domin farantin keke mai giya yawanci a buɗe yake, ba shi da murfin da tsofaffin kekuna ke da shi.

Giyar da ba ta shiga daidai tana hana mutum son canja ta, daga nan sai ya koma zama a giya ɗaya. Yawancin matsalar daga wurare uku take. Wayar giya ta saki ko ta yi tsatsa, wannan gyaran minti kaɗan ne. Ko keke ya faɗi ta dama, ƙarfen da na'urar canjin giya ta baya ke rataye a jikinsa ya lanƙwashe ciki. Wannan yana da haɗari, domin a giya mafi sauƙi na'urar na iya shiga cikin wayoyin taya, don haka a miƙar da shi, a kuma daidaita ƙananan sukurori biyu masu alamar H da L da ke tsare iyakar kaca. Ko kuma kacar ce ta ci. Lokacin hunturu ƙura na haɗuwa da mai ta zama abin da ke goge ƙarfe, baƙin man inji da ake yawan malala mata kuma shi ya fi kowane mai kama ƙasa. A goge kaca da tsumma, a ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, a juya feda baya, sannan a sake goge na waje tas. Tsakanin ƙusa da ƙusa a sabuwar kaca rabin inci ne, saboda haka in aka ɗora rula a tsakiyar wata ƙusa, alamar inci 12 za ta faɗa daidai tsakiyar wata. Idan ƙusar ta zarce alamar da kashi ɗaya cikin 16 na inci, lokacin sauya kaca ya yi. Idan ta kai kashi ɗaya cikin 8, ta riga ta cinye haƙoran firiwil, sabuwar kaca za ta riƙa tsallake su in an danna, sai dai a sauya su tare.